Abokin Kowa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da na ambaci labarin Abokin Kowa, wani mai wa'azi da ya tara mabiya a Amurka, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wane ne shi?

Jemima Wilkinson, haihuwar 1752 a Cumberland ta Rhode Island a Amurka, a gidan Kiristoci 'yan ɗarikar Quaker. A watan Oktoban 1776 zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita. Da ta miƙe sai ta ce Jemima ta rasu, wani ruhi ne Allah ya aiko cikin gangar jikin, ba namiji ba kuma ba mace ba. Sunan ruhin Public Universal Friend, wato Abokin Kowa.

Ɗan daudu ke nan?

A'a. Ku daina ɗora abin da kuka sani a kan abin da ba ku sani ba. Wannan da'awa ce ta addini.

Gaskiya ne ya ce zai yi tafiya a kan ruwa?

Ƙanzon kurege ne na maƙiya. Kowane gari da tafkin da yake cewa a nan aka yi, wannan kaɗai ya isa ka gane.

To "shi" zan rubuta ko "ita"?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsar ba a miƙe take ba. Bayan 1776 an daina amsa sunan Jemima kwata-kwata. Mabiya na kusa kan kauce wa lamirin jinsi a rubuce-rubucensu, su yi ta maimaita "Aboki", wasunsu kuma su ce "shi". Masu suka "ita" suke cewa, da gayya. Tufafin ma haka: doguwar baƙar riga irin ta limaman coci, farin ƙyalle a wuya, malafa irin ta mazan Quaker. Hausa kuwa ba ta barin ka ka tsallake, kowane aiki sai da "ya" ko "ta", ita kanta kalmar aboki namiji ce. Za ka iya fakewa da "aka" da "an", amma bayan layi uku rubutun ya koma kamar sanarwar hukuma. Jam'in girmamawa na "suka ce" yana yi, sai dai mai karatu zai ɗauka da mabiyan gaba ɗaya kake. Ni dai "ta" nake sawa kafin rashin lafiyar, "ya" bayanta, saboda kalmar Aboki ce ke jan jimlar, ba don na yanke hukunci a kan da'awar ba. In ka zaɓi wata hanya babu laifi, ka dai faɗa wa mai karatu tun farko, kuma kada ka sauya a tsakiya.

Me ya koyar?

Ba sabon abu sosai ba. Tuba, cewa kowa na da zaɓi kuma ƙofar tsira a buɗe take, ƙin bauta, da fifita zama babu aure ba tare da haramta shi ba.

Ai jahilai ne suka bi shi ko?

Wa ya gaya muku? Har da alƙali William Potter, attajiri. Akwai mata da dama da suka ƙi aure suka riƙe gidaje da ragamar jama'a. Sarah Richards ce ke riƙe dukiya a madadin Aboki har rasuwarta a 1793. Daga 1788 suka fara ƙaura zuwa yammacin New York kusa da tafkin Seneca, daga baya suka zauna a wani gari na yankin mai suna Jerusalem. Rikicin fili ne ya raba kansu, Potter ɗin ma ya juya baya. Tsoffin mabiya suka kai ƙarar Aboki kan saɓo, a 1800 kotu a garin Canandaigua na New York ta ce wannan ba laifin da za a gurfanar da mutum a kansa ba ne.

Akwai sauransu yanzu?

Babu. Aboki ya rasu ranar 1 ga Yulin 1819, zuwa shekarun 1860 jama'ar ta ƙare.