Dogon Agogon Tsaye da Adakar Tafiya a Kasuwar Gwanjo

Dogon agogon tsaye agogo ne mai sandar lilo da ake girkewa a ƙasa cikin akwatin katako, tsawonsa daga mita 1.8 zuwa 2.4. Adakar tafiya kuma babban akwati ne na katako da ake lulluɓewa da fata, ko zane mai kauri, ko ƙarfe, wanda matafiya suka yi amfani da shi a zamanin keken doki da jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi. Ba sana'a ɗaya ta haife su ba, amma sukan haɗu a kundin gwanjo guda a Birtaniya da Faransa da Amurka, domin daga wuri ɗaya suke fitowa: tsofaffin gidajen da magada suka kwashe kayansu, agogon daga zaure, adakar daga ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufi.

Asalin agogon

A shekarar 1656 masanin Holan Christiaan Huygens ya ƙera agogon farko da sandar lilo ke daidaita tafiyarsa, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1657. Salomon Coster na birnin Heg ne ya riƙa ƙera masa. Kafin nan agogon gida kan yi kuskuren kusan minti 15 a yini, shi ya sa da yawa hannu ɗaya kawai gare su, na awa. Sandar lilo ta rage kuskuren zuwa daƙiƙoƙi kaɗan. Wani matashi daga Landan, John Fromanteel, ya yi aiki a shagon Coster, kuma a 1658 mahaifinsa Ahasuerus Fromanteel ya fara tallar irin wannan agogo a Ingila.

Dogayen akwatunan farko sun bayyana wajajen 1660. Sirara ne, ba su wuce tsayin mutum sosai ba, kuma aikinsu ɗauke nauyin duwatsun dalma da kare su daga ƙura da hannun yara. Sandar lilonsu gajera ce, tana kai-komo da faɗi sosai.

Abin da ya sauya siffar agogon shi ne makamar da ake kira anga, saboda kamarta da angar jirgin ruwa. Makama ita ce ƙarfen da ke kama haƙoran ƙafar agogo, wato faifan da ke juyawa a cikin injin, yana sakinsu ɗaya bayan ɗaya, daga nan sautin ƙas-ƙas yake fitowa. Anga ta rage faɗin lilon zuwa digiri 4 ko 6, sai ya yiwu a sa doguwar sanda mai kusan santimita 99, wadda kowane zuwa nata daƙiƙa ɗaya ne cif. Irin wannan sanda ba ta da wurin zama sai cikin dogon akwati. An fara ganin angar wajajen 1670. Wasu na danganta ta ga Robert Hooke, wasu ga William Clement, wasu kuma ga Joseph Knibb.

Maƙeran Landan

Shekarun da ke tsakanin 1670 da 1730 su ne masu tara agogo suka fi daraja. Ƙungiyar maƙeran agogo ta Landan, wadda aka kafa a 1631, ta tsare sana'ar: yaro yakan yi shekara bakwai yana koyo kafin a yarda ya sa sunansa a fuskar agogo. Littattafan ƙungiyar su ne har yau ake dubawa idan ana son sanin zamanin wani maƙeri.

Wanda ya yi fice a cikinsu shi ne Thomas Tompion, an haife shi a 1639, ya rasu a 1713. Shi ya ƙera wa gidan nazarin taurari na Girinwic agogo biyu a 1676, kuma dogon agogon da ya bai wa birnin Bath a 1709 yana nan a babban ɗakin shan ruwan garin. Tompion ya riƙa buga lamba a jikin kayansa, abin da ba a saba ba a lokacin, kuma wannan lamba ita ce ta sa ake iya jera ayyukansa bi da bi. Ana ƙiyasta cewa shagonsa ya fitar da manyan agogo kusan 650. An binne shi a majami'ar Westminster, daga baya aka sa abokin aikinsa George Graham a kabari ɗaya da shi.

Graham, wanda ya rasu a 1751, ya inganta wata makama da ba ta ja da baya wajajen 1715, sannan wajajen 1721 ya fito da sanda mai kwalbar zaiba. Matsalar da yake magancewa ita ce zafi na miƙar da ƙarfe, sanda ta ƙara tsawo, agogo ya yi lattin tafiya. Zaibar kan hau sama cikin kwalba ta rama abin da ƙarfen ya sauko. John Harrison, kafinta ne daga arewacin Ingila, ya bi wata hanya, ya jera sandunan ƙarfe da na tagulla yadda miƙewar wannan za ta soke ta wancan. Agogonsa na farko, na 1713, ƙafafunsa na ciki kusan duk katako ne. Sauran sunayen da ke ɗaga farashi sun haɗa da Edward East da Daniel Quare da 'yan gidan Knibb.

Sassa da yadda ake gane zamani

Akwatin kashi uku ne: hula, wadda ke rufe injin da fuska, gangar jiki mai ƙofa, inda sanda da duwatsu suke, sai gindi. Injin iri biyu ne. Mai kwana takwas duwatsu biyu gare shi, ɗaya na tafiya ɗaya na buga ƙararrawa, ana ɗaure shi da mabuɗi ta ramuka biyu a fuska. Mai awa 30 dutse ɗaya ne da igiya ko sarƙa, kullum sai an ja. Shi ne na masu ƙaramin ƙarfi, har wasu maƙera kan zana masa ramukan mabuɗi na ƙarya don baƙo ya zaci mai kwana takwas ne.

Katako yakan faɗi shekarun agogo kafin a buɗe shi. Na farko-farko baƙin katako ne na dangin kanya, an yanka shi falle-falle an manna. Sai walnat ya biyo baya, tare da adon furanni da tsuntsaye da ake shiryawa da gutsattsarin katako masu launi, tun daga wajajen 1675. An kuma yi yayin fenti mai sheƙi na kwaikwayon kayan Sin da Japan. Daga tsakiyar ƙarni na 18 mahogani, ɗan'uwan maɗaci da ake kawowa daga Jamaika da Kuba, ya karɓe kasuwa. A ƙauyuka kuwa itacen ok ne tun farko har ƙarshe.

Fuskar ma haka. Ta farko murabba'i ce ta tagulla. Wajajen 1715 aka ƙara mata baka a sama, inda ake sa hoton wata mai juyawa yana nuna kwanakinsa, abin da ke da amfani ga mai tafiyar dare a lokacin da babu fitilun hanya, ko jirgin ruwa mai rausaya. A 1772 Osborne da Wilson na Bamingham suka tallata farar fuskar ƙarfe mai fenti, wadda ta fi araha kuma ta fi sauƙin karantawa, cikin 'yan shekaru ta mamaye larduna. Landan ta fara juya wa dogon agogo baya tun kafin 1800, amma Yokshaya da Lankashaya na arewacin Ingila, da Sikotlan, sun ci gaba har tsakiyar ƙarni na 19, akwatunansu na ƙara faɗi da nauyi.

Wasu ƙasashe

A Faransa akwai na yankin Franche-Comté, mai tumbi, da sandar lilo mai faɗi da ado. A Suwidin akwai na garin Mora. Na tsibirin Bornholm na Denmak an ce ya samo asali ne daga agogon Ingila da aka tsamo a wani jirgin ruwa da ya maƙale a gaɓar tsibirin a shekarun 1740. A Amurka Filadelfiya da kewayen Boston ne cibiyoyi, da maƙera irin su Peter Stretch da David Rittenhouse da 'yan gidan Willard.

Suna

Sunan da Turawa suka fi sani, wato agogon kaka, bai girmi 1876 ba, shekarar da waƙar Ba'amurke Henry Clay Work kan agogon wani kaka ta yi tashe a Amurka da Ingila. Labarin cewa wani agogon masauƙi a arewacin Ingila ne ya ja hankalinsa, hikaya ce da ake yawan maimaitawa. 'Yan kasuwar ba su cika amfani da sunan ba.

Adakar tafiya

Tsofaffin adakoki murfinsu a gantsare yake, don ruwan sama ya zube idan an ɗaure su a bayan keken doki. Ana kuma cewa masu su na son haka don kada 'yan dako su ɗora wani kaya a kai. Jirgin ƙasa da jirgin ruwa suka zo da buƙatar jera kaya bisa juna. Louis Vuitton, wanda ya buɗe shagonsa a Faris a 1854, ya fitar da adaka mai shimfiɗaɗɗen murfi a 1858, da zane mai ruwan toka da ruwa ba ya ratsawa, mafi sauƙin nauyi fiye da fata. Masu kwaikwayo suka dame shi, sai ya riƙa sauya zanen: mai ratsi a 1872, mai gidan dara a 1888, sannan ɗansa Georges ya kawo mai haruffa da furanni a 1896. Wannan jeri ya zama ma'aunin shekaru ga masu gwanjo. Gidajen Goyard da Moynat su ma na Faris ne kuma na zamani ɗaya. A Amurka akwai Hartmann da Seward.

Siffofin sun bi aikin. Ta ɗakin jirgi gajera ce, kusan inci 14, don ta shige ƙarƙashin gado. Wata ana tsayar da ita ta buɗe gida biyu, gefe guda maratayin riguna, gefe guda aljihuna. Akwai ta huluna, ta takalma, ta littattafai. An yi na tutiya da na alminiyam don masu zuwa ƙasashe masu zafi, inda gara da laima ke cinye katako da fata, kuma Vuitton ya ƙera wa Pierre Savorgnan de Brazza, wanda ya yi wa Faransa share fage a Kwango, adakar da ke warewa ta zama gado. Jirgin sama da iyakance nauyin kaya ne suka kashe kasuwarta.

A wurin gwanjo

A cikin manyan gidajen gwanjo, Sotheby's ta samo asali a 1744, Christie's a 1766, Bonhams a 1793, duk a Landan. A Faris kuma akwai gidan gwanjo na Drouot. Harajin gado da Birtaniya ta kafa a 1894, da tsadar riƙe manyan gidaje bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu, su suka tura kaya da yawa kasuwa. Mafi yawansu a ƙananan gidajen gwanjo na larduna ake sayar da su.

Kowane kaya ana ba shi lamba da ƙiyasin farashi, mai shi kuma yakan sa ƙa'idar da ba za a sallama ƙasa da ita ba. Wanda tayinsa ya fi shi ke ɗauka idan guduma ta sauka, sai ya biya la'adar mai saye a kai. Manyan gidajen Landan sun shigo da wannan la'ada a 1975 a kan kashi 10 cikin 100. Yanzu takan kai kashi 25 ko fiye.

Babbar tambaya game da agogo ita ce ko injin da akwatin tare aka haife su. Idan an ɗauko injin wani aka saka a akwatin wani, 'yan kasuwar suna kiran abin aure, kuma yana karya farashi ƙwarai. Ana gane shi ta katakon da injin ke zaune a kai, ko an sare shi ko an yi masa ciko, da ko fuskar ta cika tagar hula daidai, da ko gurzar da dutse ya yi a bayan akwati ta dace da inda yake rataye yanzu. Gindi ma abin dubawa ne, don laimar daɓe kan ruɓar da shi, wasu kuma an rage musu tsawo don su shiga ɗaki mai gajeren rufi. Sunan babban maƙeri da aka ƙara daga baya a fuskar agogon talaka tsohuwar dabara ce.

A adaka ana duba lambar da ke jikin makulli da takardar shago da ke ciki. Tambarin otel-otel da haruffan sunan mai ita ba a ɗauke su aibi ba, har sukan ƙara mata daraja, amma sabon shafi ko sauya zane na rage ta.

Farashin ya rabu biyu. Agogon Peter Stretch ya haura dala miliyan 1.6 a Sotheby's ta Niyok a 2004, kuma adakar alminiyam ta Vuitton ta 1892 ta haura fam 160,000 a Christie's ta Landan a 2018. Agogon lardi na ok kuwa darajarsa ta faɗi sosai tun farkon wannan ƙarni, saboda gidajen yanzu ƙanana ne, har ana samunsa da 'yan ɗaruruwan fam. Dokar taƙaita cinikin hauren giwa ta Birtaniya, wadda ta fara aiki a 2022, ta shafi akwatunan da aka yi wa ado da shi.

Amfani a yau

Adakar ta koma teburin falo. Agogon yana aikinsa idan an girke shi a miƙe, an kuma wanke injin an sa masa mai bayan 'yan shekaru. Kafin a ɗaga shi sai an cire hula da duwatsu da sandar lilo.