Shugaban ƙasa bai yi maka ba: ka ɗauki jaka ko ka zauna?

Duk bayan zaɓe, in ka bi ta majalisun shayi a Aboabo da Asawase cikin Kumasi, sai ka ji wani ya rantse cewa shi kam ya gama da Ghana. A 2017 'yan lema, wato 'yan jam'iyyar NDC, ne ke wannan rantsuwa, a 2025 kuma ta koma bakin 'yan giwa, wato 'yan NPP. Samarin unguwa sun sha tare ni da maganar bayan sallar isha'i, har na ga gara in tattara tambayoyinsu wuri ɗaya in amsa da abin da na sani.

Baba, ko a talabijin ba na son ganin mutumin nan. Laifi ne in bar masa ƙasar?

Ba laifi ba ne, ɗana. Tsarin mulkin 1992 ya ba ka 'yancin fita da dawowa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar "masa". Ƙasar ba tasa ba ce. Haya aka ba shi ta shekara 4, in ya yi sa'a a ƙara masa 4, daga nan doka ta rufe ƙofa.

To in ya ƙi sauka fa?

Mu duba abin da ya faru a gabanmu. Rawlings, wanda ya hau da bindiga, ya miƙa wa Kufuor mulki ranar 7 ga Janairu 2001. A 2008 Atta Mills ya kayar da Akufo-Addo da tazarar ƙuri'a kusan 40,000 kacal, sai da aka jira mazaɓar Tain kafin a san wanda ya ci, kuma jam'iyya mai mulki ta sauka. A 2016 Mahama yana kan kujera aka kayar da shi. A Disamban 2024 Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki, ya kira Mahama ya taya shi murnar cin zaɓe tun hukumar zaɓe ba ta gama lissafi ba. Sau huɗu ke nan mulki yana sauya hannu ta akwati. Sarki goma, zamani goma. Yanzu ka auna: a Amurka, ko ka samu katin zama na dindindin, yawanci sai ka ƙara shekara 5 kafin ka nemi zama ɗan ƙasa. Wanda kake gudu zai gama wa'adinsa kai kana kan layin takarda.

Ai ba fuskarsa ce damuwata ba, aljihuna ne.

Wannan magana ce ta daban, kuma ina girmama ta. Wanda ya yi kasuwanci a kasuwar Kejetia a 2022 bai manta ba. A Disamban shekarar tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100, sidi ya zube, ka sayar da kaya da safe, da yamma kuɗin ba zai sake sayo irinsu ba. Harajin E-Levy ya hau kan kuɗin da ake aikawa ta waya, 'yan fansho suka fito zanga-zanga kan takardun bashin gwamnati, a Mayun 2023 ƙasa ta karɓi lamunin dala biliyan 3 daga asusun ba da lamuni na duniya, IMF. Saurayin da ya ce zai fita neman abinci bai yi abin kunya ba. Mu kanmu jikokin fatake ne, goro ya kawo kakanninmu daga Kano da Katsina zuwa Salaga, daga can suka gangaro Kumasi. Sai dai bafatake yana tashi ne da sanin abin da zai sayar da inda zai sauka da mai masaukinsa. Wanda fushi ya tayar kuwa, abin da yake gudu kawai ya sani.

In na isa Turai ba zan iya neman mafakar siyasa ba?

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 tana kare wanda ake tsanantawa saboda launinsa, addininsa, asalinsa, rukunin da ya fito ko ra'ayinsa na siyasa. Ƙin shugaba ba ya cikin jerin. Jamus ma ta daɗe da sa Ghana cikin ƙasashen da take ɗauka masu aminci, don haka da wuya a saurari ɗan Ghana. Ban ce babu wanda ke cikin haɗari a nan ba: an harbe ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a unguwar Madina ta Accra a Janairun 2019. Wanda ake farauta da gaske ya tsira da ransa. Amma masu haɗa wa yara labarin ƙarya don su karɓi kuɗinsu, su ne ke jefa su cikin shekaru na ɓuya.

Me ya sa ku manya kuke yawan tuna mana 1969?

Don mu 'yan Zango mun san baƙunta fiye da kowa a ƙasar nan. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubban ɗaruruwa suka tashi, Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa da Mosawa, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ba ne. Tsofaffinmu suna ba da labarin gidaje da shaguna da aka sayar a kuɗin banza, da manyan motoci maƙare da mata da yara. Shekara 13 da ɗoriya bayan haka abin ya juyo. 'Yan Ghana sun kwarara Legas lokacin da man fetur ke tashe, sai a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda. Kusan mutum miliyan ɗaya suka dawo, da jakar nan da har yau ake kira Ghana-mas-go, suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa.

Abin da nake so ka gane ke nan. A nan, shugaban da ba ka so yana bukatar ƙuri'arka, dole ya zo ya gaida Sarkin Zango, dole ya je gaban Shehu Sharubutu, babban limamin ƙasa, ya nemi addu'a. A can, zamanka yana hannun wani shugaban da ba ka zaɓa ba, ba kuma za ka iya cire shi ba, sa hannu ɗaya ya isa ya tashe ka. Har yau akwai ɗan Zangon da ake yi wa tambayar "daga ina kakanka ya zo" in ya je karɓar katin Ghana ko fasfo. Wannan yana min ciwo ƙwarai, kuma ba na jin za a daina yi mana ita in masu ilimi da ƙarfinmu suka watse.

Malam, ba Annabi ma ya yi hijira ba?

Ya yi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma tura sahabbai Habasha wurin Najjashi. Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Dukansu an hana su addini ne, an nemi rayukansu. Kai wa ya hana ka kiran salla a Kumasi? Ranakun idi biyu hutu ne a ƙasar nan.

In na tafi, ba zan riƙa zaɓe daga can ba?

Majalisa ta yi dokar da ta ba 'yan Ghana mazauna waje wannan dama tun 2006, amma har zaɓen 2024 ba a fara aiki da ita ba. Sai ka sayi tikiti ka dawo. In ka karɓi fasfon wata ƙasa, doka ta yarda ka riƙe biyu, sai dai ba za ka tsaya takarar majalisa ba sai ka ajiye na waccan ƙasar.

To in na zauna, me zan yi da wannan fushin?

Ka kai shi inda zai yi aiki. A 2020 majalisa ta rabu 137 da 137 da ɗan ba-ruwanmu guda, kowace kujera ta zama zinariya. Kwata da shara da fitilar layi kuwa aikin majalisar gunduma ne, amma ranar zaɓen asambiliman, wato wakilin unguwa a wannan majalisar, kana iya ƙirga mutanen da ke kan layi da yatsu. Ka tsaya wa mutumin kirki, ko kai ka fito.

Na ji, amma ni dai na ƙudura tafiya.

To ka tafi ta ƙofa. Cikin ƙasashen ECOWAS kana da kwana 90 ba biza, bayan haka ka nemi izinin zama. Kada ka bi hanyar Agadez zuwa Libiya, kada ka ba kowa fasfonka ya riƙe maka, kada ka bari mahaifiyarka ta sayar da ɗakin gado don biyan ejan. A Yulin 2005 an kashe 'yan Ghana kusan 44 a hannun jami'an Yahya Jammeh na Gambiya, suna kan hanyar Turai. In aikin Saudiyya ko Kuwait aka yi wa ƙanwarka tayi, a kawo kwangilar a rubuce, a kai wa wanda ya iya Larabci ya karanta muku ita gaban iyaye kafin a biya ko sidi ɗaya.