Yadda gubar nukiliya take bi ta saiwa ta shiga tukunya

Idan ana maganar bam ɗin nukiliya ko fashewar tashar lantarki mutane wutar da ƙarar kawai suke tunani, amma abin da ya fi daɗewa yana wahalar da jama'a ƙurar ce da take sauka a gona bayan komai ya lafa. A cikinta akwai sinadarin siziyom 137, sai ya yi shekara kusan 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, kuma kamarsa ɗaya da fotash, K ɗin nan na takin NPK da kowane manomi ya sani, to saiwa ba ta iya bambance su, ta fito neman abinci sai ta zuƙe shi ya hau ganye ya shiga 'ya'ya.

A jikin mutane aka fara ganin abin ƙiri-ƙiri. Amurka ta kwashe mutanen tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik a 1946 ta yi gwajin bam 23 a wajen har zuwa 1958, daga baya aka ce musu ai komai ya yi daidai ku koma gida, wasu suka koma, 1978 aka sake kwashe su don an auna jikinsu an ga siziyom sai ƙaruwa yake. Kwakwa ce fa da sauran abin da suke shukawa. Ƙasar tsibirin ba fotash ɗin kirki ba kuma yumɓun da zai riƙe gubar, bishiyar tana jin yunwa duk abin da ta samu sha take. Nan masana suka gano in an zuba takin fotash da yawa shuka takan ƙoshi ta rage shan gubar sosai.

Mu ma abin ya taɓa zuwa kusa da mu, Faransa ta tashi bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, hankali ya tashi don kowa ya san daga ina iskar hunturu take zuwa, har Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. A 1963 Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka yarda a daina gwaji a sararin sama, Faransa ta ƙi sa hannu.

Sai fashewar tashar nukiliya ta Canobil a Yukren, 26 ga Afrilu 1986. Farko ayodin 131 ne ya yi ɓarna, shi kwana 8 rabinsa ya tafi amma kafin nan ya sauka kan ciyawa shanu sun ci yara sun sha madara, dubbai suka kamu da kansar thyroid, ƙullin nan na gaban wuya da yake kumbura ya zama maƙoƙo, kuma gaskiya wannan sakaci ne, da an hana shan madarar da wuri da yawansu sun tsira. Siziyom kuwa ya yi tafiya har tsaunukan Wales a Birtaniya, aka sa wa tumaki takunkumi ana zaton na ɗan lokaci ne, sai 2012 aka ɗage, don ƙasar wajen mai tsami ce ba ta riƙe gubar, kullum ciyawa tana sake ɗaukowa. A kudancin Jamus har yau mafarauta suna kai naman aladen daji a auna kafin a sayar.

Da hatsarin tashar nukiliya ta jihar Fukushima a Japan ya faru a Maris 2011 Japanawa sun riga sun karanta duk wannan. Aka kankare saman ƙasar gonaki, aka zuba fotash a fadamun shinkafa, aka sa iyaka bekarel 100 a kilo, bekarel shi ne ma'aunin ƙarfin gubar, kuma daga 2012 har girbin 2019 buhu-buhu aka riƙa auna shinkafar jihar, miliyoyin buhuna. An gwada shuka furen rana wai ya tsotse gubar, bai yi wani abin a zo a gani ba. Taki da kankare ƙasa ne suka yi aiki, tun girbin 2015 ba a sake samun buhun da ya haura iyaka ba. Ƙasar da aka kankare kuwa tana jibge a Okuma da Futaba kusa da tashar, doka ta ce dole a fitar da ita daga jihar nan da Maris 2045, kuma har yanzu ana neman inda zai karɓa.