Zaɓen Littattafan Adabin Turanci kan Zamantakewar Maza da Mata a Makarantun Zamfara

Zaɓen littattafan adabin Turanci da suka shafi aure, soyayya da matsayin mace aiki ne da ke wuyan malaman babbar sakandare a Jihar Zamfara, masu koyar da ɗaliban da ke son karanta shari'a ko Turanci a jami'a. Sai dai zaɓin bai da faɗi. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ke fitar da jerin littattafai duk bayan shekara biyar. A kowane rukuni, wato zube na Afirka da na ƙetare, da wasan kwaikwayo na Afirka da na ƙetare, ana ajiye littattafai biyu, ɗalibi kuma ya amsa tambaya daga ɗaya. Wasan Shakespeare kuwa dole ne ga kowa.

Jerin 2021 zuwa 2025

Wannan jeri cike yake da batun maza da mata. Akwai Second Class Citizen na Buchi Emecheta, wanda ya fito a 1974, labarin Adah da ta bi mijinta Francis zuwa Landan, ta zama ita ke ciyar da gida, shi kuma yana ta faɗuwa jarrabawa, har ya ƙona rubutunta na farko. Akwai The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, inda malamin makaranta Lakunle ya ƙi biyan kuɗin auren Sidi don yana ganin ƙauyanci ne, tsoho Baroka ya yi masa shigar sauri. A ɓangaren ƙetare akwai Fences na August Wilson, inda Rose ta karɓi renon jaririyar da mijinta Troy ya haifa a waje, sannan Wuthering Heights na Emily Brontë, na 1847.

Na ƙarshen nan shi ne mafi wuyar sha'ani, kuma ba don jigonsa ba. Masu ba da labarin biyu ne, Lockwood da Nelly Dean, sunayen taurari suna maimaituwa daga iyaye zuwa 'ya'ya, ga bara Joseph da ke magana da karin harshen Yorkshire, wani yanki a arewacin Ingila, wanda ko malamin sai ya yi da gaske. Yaron da ya taso da Hausa a gida da kasuwa, Turanci sai a aji, zai ƙare zango yana fama da jimla kafin ya kai ga manyan taurarin labarin, Catherine da Heathcliff.

Littafin da ya fi kusa da gida

Jerin 2026 zuwa 2030 ya zo da So Long a Letter na Mariama Bâ, 'yar Senegal. Da Faransanci ta wallafa shi a 1979, ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma Award a 1980. Doguwar wasiƙa ce da Ramatoulaye ta rubuta wa aminiyarta Aissatou tana cikin takaba, bayan rasuwar mijinta Modou, wanda ya yi mata kishiya da Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, sannan ya juya wa uwargida da 'ya'yanta goma sha biyu baya.

A Gusau ko Ƙaura Namoda ko Talata Mafara, ba sai an ɓata darasi ana bayyana wata huɗu da kwana goma ba, ko sadakar uku da ta arba'in, ko rigimar dangin miji. Ɗalibai sun san su tun daga gida, don haka muhawara kan tafi kai tsaye ga abin da littafin ya aza: Aissatou ta bar mijinta da ya ƙara aure, Ramatoulaye ta zauna, amma ta ƙi auren Tamsir ɗan'uwan mamacin. Marubuciyar ba ta soki Musulunci ba, rashin adalcin miji ta soka, kuma wannan bambanci yana da nauyi a jihar da ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, inda iyaye kan tambayi abin da ake karanta wa 'ya'yansu mata. Ga shi kuma gajere ne, Turancin fassararsa mai sauƙi.

A manyan makarantu

A Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da kwalejojin ilimi, ɗalibi ne ke zaɓen littafin da zai yi kundin kammala karatu a kai, da amincewar mai duba aikinsa. A nan ne marubutan Arewa ke samun shiga. The Stillborn na Zaynab Alkali, 'yar Borno, ya fito a 1984, yana bin rayuwar Li daga ƙauye zuwa auren da ya ba ta kunya a birni. Akan haɗa shi da littafin Mariama Bâ a kwatanta, ko da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.