Kasuwar gidaje a Ingila idan hunturu ya kama: tambayoyi da amsoshi

Da gaske ne kasuwar gidaje tana mutuwa da zarar sanyi ya shigo?

Ba ta mutuwa, gyangyaɗi take yi. Daga Nuwamba zuwa Disamba masu fitar da gida kasuwa suna raguwa, kuma kuɗin da suke yankawa yakan ɗan sauka, kamar yadda ƙididdigar Rightmove, shafin tallan gidaje na intanet, ke nunawa kusan kowace shekara. Hankalin jama'a ya koma kan Kirsimeti. Ga kuma duhu: ranar 21 ga Disamba hasken rana a Landan bai kai awa 8 ba, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Wanda ya tashi aiki ƙarfe 5, da fitila zai je duba gida.

To yaushe take farkawa?

Washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba. An ci an ƙoshi, dangi sun cika falo har an ga ƙanƙantarsa, sai kowa ya ɗauki waya yana leƙa gidaje. Dillalai sun san haka, shi ya sa wasu ke riƙe sabbin gidaje sai ranar su sake su. Amma cinikin gaske sai Maris zuwa Mayu.

Ke nan mai saye zai samu rahusa a hunturu?

Yana iya samu. Wanda ya bar gidansa a kasuwa cikin Disamba galibi akwai abin da ya koro shi: an sauya masa wurin aiki, ko aure ya mutu, ko magada na jiran rabo. Irin wannan yakan saurari tayi. Sai dai zaɓi kaɗan ne.

Kada kuma a ɗora wa sanyi duka laifin. Kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila, wanda ya kai kashi 5.25 cikin ɗari a Agustan 2023, ya fi dusar ƙanƙara tasiri a kan farashi. Haraji ma haka. Da aka san cewa daga 1 ga Afrilun 2025 harajin sayen gida zai fara hawa daga fam 125,000 maimakon fam 250,000, mutane sun yi ta rububin kammala ciniki a tsakiyar sanyi.

Me ya kamata a duba a gidan?

A nan ne, a ganina, hunturu ya fi bazara amfani, don gida ba ya iya ɓoye aibinsa. Ɗauki tsofaffin gidajen jan bulo na Mancesta, waɗanda ke manne da juna a jere. Sa tafin hannu a bangon bayan kabad. Idan ka ji danshi, akwai magana. Dubi kusurwar silin ko akwai baƙin fumfuna, da ƙasan taga ko raɓa ta taru. Sabon fenti a bango ɗaya tak abin tuhuma ne. Ka ce a kunna na'urar ɗumama gida a gabanka, ka kuma nemi takardar EPC, wadda ke auna yadda gida ke cin makamashi daga A zuwa G.

Haya fa?

A garuruwan jami'a irin su Leeds, ɗalibai kan sa hannu tun Nuwamba a kan gidan da za su shiga bayan an kammala shekarar karatu. Ɗan Kano ko Zariya da ya sauka a Janairu don digiri na biyu yakan tarar an kwashe na kusa da makaranta, sai ɗaki ɗaya a gidan haɗaka. Kafin ya biya, ya tambaya ko kuɗin gas da lantarki na cikin hayar.