Waiwaye: tun 1985 manyan jirage masu inji huɗu suka fara rasa kasuwa

Duk shekara idan Zulƙida ta kama, maganar jirgi ce ke cika fadodi da ƙofofin masallatai a Damagaram. Maniyyacin da sawunsa ya faɗo Yamai sai ya ci kusan kilomita 900 a mota kafin ya ga fiffiken jirgi, ga kuɗin kujera kullum sama yake yi. Nan muhawara ke tashi. Wasu na tambayar ina manyan jiragen nan masu kwashe alhazai sama da 500 a tashi ɗaya. Wasu na cewa korona ce ta kashe su. Masu bin labarai a salula kuma na cewa ai A380 mai hawa biyu ya dawo aiki, don me ba a ɗauko hayarsa a huta? Kowane ɓangare na kallon ƙarshen labarin ne, alhali an yanke hukuncin tun da jimawa.

Farkon labarin sananne ne. Boeing 747 ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 1970, aka ƙera guda 1,574, na ƙarshe aka miƙa shi a Janairun 2023, shi ma na kaya ne. Airbus A380 ya fara aiki a Oktoban 2007, aka sanar da dakatar da ƙera shi a Fabrairun 2019, shekara guda kafin korona ta rufe filayen jirage. Guda 251 kawai aka sayar, 123 daga ciki na kamfanin Emirates ne.

Abin da ba a cika ambata ba wata ƙa'ida ce ta aikin jirage. Tun 1953 dokar Amurka ta hana jirgin fasinja mai inji biyu yin nisa da filin sauka fiye da tafiyar minti 60 da inji ɗaya. Dalilin a fili yake: injunan zamanin suna yawan mutuwa a sama. Sakamakon haka, duk mai son ƙetare teku kai tsaye dole ya nemi mai inji uku ko huɗu. Kamfanoni da yawa sun sayi 747 ne saboda nisan zangonsa, kujerun kuwa suka riƙa neman yadda za su cika su daga baya.

A 1985 aka sassauta ƙa'idar zuwa minti 120, a ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS. A Fabrairun 1985 ɗin Boeing 767 na kamfanin TWA ya tashi daga Boston zuwa Paris da inji biyu. A 1988 aka kai minti 180, wanda ya buɗe kusan duk hanyoyin da ke da fasinja a duniya. A 1995 Boeing 777 ya shiga aiki da izinin minti 180 tun ranar farko. Zuwa 2014, A350 ya samu izinin minti 370, sama da awa shida da inji ɗaya.

Ba a ba da izinin nan a banza ba, kuma sharuɗɗansa ne suka sauya sana'ar. Kafin a ba wani nau'in inji minti 180, sai an nuna cewa yawan mutuwarsa a sama bai wuce sau 2 a cikin awa 100,000 na tashi ba. Ba a yarda makaniki ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a kan injunan biyu a zama ɗaya, don kada kuskuren hannu guda, kamar mantawa da robar toshe mai, ya kashe su tare. Ana rubuta yawan baƙin man da kowane inji ke sha bayan kowane sawu, da ya fara ƙaruwa sai a bincika. Ƙaramin injin da ke wutsiya, mai ba da lantarki, dole ya iya tashi a sama cikin tsananin sanyi. Maganin kashe gobara na rumbun kaya dole ya riƙe wuta tsawon lokacin karkata hanya da ƙarin minti 15. Kafin tashi kuma ana lissafa mai a kan mafi munin hali: inji ya mutu, iskar cikin jirgi ta zube, an sauko zuwa tsayin ƙafa 10,000 inda jirgi ke zuƙar mai sosai, kuma a can nesa da filin sauka. Da aka bi wannan horo shekara da shekaru, injuna suka zama abin dogaro, suka kuma ƙara girma. A 2004 777-300ER ya fito, yana ɗaukar mutum 350 zuwa 400 zuwa kusan duk inda 747 ke zuwa, da rabin yawan injuna. Shekara uku ke nan kafin A380 ya ɗauki fasinjansa na farko.

Daga nan lissafi ya juya. Mai jirage na duba kuɗi biyu: abin da sawu guda ke ci, da abin da kujera guda ke ci. Babban jirgi na da arhar kujera ne kawai idan ya cika. Duk wanda ya zauna a tasha ya san haka: babbar bas mai kujera saba'in riba ce ranar kasuwa, amma ranar da fasinja talatin suka zo, mai Hiace ne ke komawa gida da kuɗi. A380 na tashi da nauyin da ya kai tan 575, tankunansa na cin kusan lita 320,000, kuma inji huɗu na nufin garambawul huɗu. Don a cika kujerun ƙarshe sai an karya farashi, karyawar kuma ta shafi sauran kujerun. Da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a Yulin 2008, kowane inji na ƙari ya zama nauyi a wuyan mai shi. A340, mai inji huɗu shi ma, a 2011 aka daina ƙera shi, shekarar da Boeing 787 mai inji biyu ya fara aiki, wanda daga baya ya riƙa haɗa matsakaitan birane kai tsaye ba tare da bi ta manyan cibiyoyi ba.

Akwai kuma abin da ke ƙasa. Faɗin fikafikan A380 kusan mita 80 ne, yana son titi mai faɗi da kafaɗu masu ƙarfi da wurin ajiya na musamman. Filin jirgin Zinder ba don irinsa aka gina shi ba. Zafi ma na da nasa: iska mai zafi ba ta da kauri, inji na rage ƙarfi, jirgi na buƙatar titi mai tsawo ko a rage masa kaya. Hajji kuwa yanzu a Mayu da Yuni yake faɗowa, lokacin da zafin yankinmu ke haura digiri 40. Abin mamaki, duk girman nan, rumbun A380 kwantenar kaya 38 yake ɗauka, na 777-300ER kuma 44. Wanda ya taɓa ganin tsarabar alhazai ranar dawowa ya san wanne ya fi masa.

Jigilar alhazai sana'a ce ta ƴan makonni, jirgi ya tafi cike ya dawo wayam. Irin wannan aiki ba ya biyan bashin sabon jirgi, shi ya sa ya dogara da jiragen gwanjo waɗanda masu su na farko suka gama fanshe kuɗinsu. Shekaru da dama 747-400 ne ke riƙe da wannan kasuwa. Amma na fasinja na ƙarshe an miƙa shi ne a 2005, kayan gyaransa na raguwa, magajinsa 747-8 kuma kamfanonin fasinja uku kawai suka saya. A380 bai samu shiga sosai a kasuwar gwanjo ba. Daga cikin na farko da Singapore Airlines ta mayar bayan hayar shekara goma, an kwance biyu a Tarbes ta Faransa an sayar da sassansu. Ba a taɓa ƙera na kaya ba, balle tsohon ya samu aiki na biyu kamar 747. Malaysia Airlines ta gwada nata A380 guda shida a kan Hajji da Umra, daga baya ta rabu da su.

Dawowar A380 da ake gani gaskiya ce, Lufthansa ma ta fito da nata daga ajiya a 2023. Dalilin shi ne fasinja sun dawo da sauri, sabbin jiragen da aka yi oda kuma ba su iso a kan lokaci ba. Hanyoyi ƴan kaɗan masu cunkoso, irin Dubai zuwa Landan, za su riƙe shi wasu shekaru. Mafi girman jirgin da ke tafe, 777-9, inji biyu gare shi, kujera kusan 426, har bakin fikafikansa ake naɗewa daga kusan mita 72 zuwa 65 don ya shiga wuraren da tsofaffin 777 ke tsayawa. Jiragen da za su gangaro wa masu jigilar alhazan Nijar nan gaba su ne tsofaffin A330 da 777-300ER, masu inji biyu da kujerun da ba su kai na 747 ba, don haka adadin maniyyatan da sawu huɗu ke kwashewa a da zai buƙaci biyar ko shida.