Ɗige-ɗigen bayan ganyen fern ba cuta ba ne

A nan Legas, duk wanda ke kula da lambun gida ya san tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda masu sayar da furanni ke kira fern. Da yawa in sun juya ganyen suka ga ɗige-ɗige masu launin ƙasa, sai su ce ƙwan ƙwari ne ko cuta, su yanke shi. An daɗe ana faɗin haka, kuma ba abin mamaki ba ne, don kamar ta yi yawa.

Shi wannan tsiro ba ya fure, ba ya 'ya'ya. A cikin ɗigon nan irinsa yake, wata ƙura mai laushi da iska ke kwasa. Haka ɗan ƙaramin danginsa, Woodsia ilvensis, yake kafuwa a tsagar duwatsun Kanada da Nowe, inda sanyi ke tsanani kuma ba kowane tsiro ke rayuwa ba.

Gwadawa ba wuya. Ɗigon iri a jere yake, a bayan ganye kawai. Ƙwari kuwa a warwatse suke zama, har jikin kara. Ku ɗora nunannen ganye a kan farar takarda ya kwana, da safe za ku tarar da ƙurar ta zuba.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu lambu.